Kifayen Koguna da Fadamun Ƙasar Lafiya: Yadda Suke Rayuwa da Yadda Za A Kiyaye Su

GABATARWA

An shirya wannan ɗan littafi domin masunta, da manoman fadama, da masu sana'ar banda, da sarakunan ruwa, da dagatai da masu unguwanni na ƙasar Lafiya da kewayenta, cikin Jihar Nasarawa. Nufinsa shi ne ya bayyana yadda kifi yake rayuwa a ruwan da ke cika da damina ya janye da rani, da kuma ayyukan mutane da ke rage shi.

Kuka ya yi yawa a bakin ruwa cewa kifi ya ragu, wanda ake kamawa kuma ƙanana ne. Wasu sukan ce ruwa ne ya yi rowa. To, ya kamata a sani akwai lokaci biyu a shekara da kifi ba shi da hanyar kare kansa: lokacin da ya fita fadama zuba ƙwai, da lokacin da ya taru a 'yan tafkunan da suka rage da rani. Yawancin ɓarna a waɗannan lokuta biyu ake yin ta. In an kiyaye su, kogi da kansa zai mayar da abin da aka ɗiba.

RUWAYEN ƘASAR LAFIYA

Lafiya ita ce babban birnin Jihar Nasarawa, wadda aka cire daga Jihar Filato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Kogin Binuwai yana kudu da jihar. Ya taso ne daga tsaunukan Adamawa na ƙasar Kamaru, ya yi tafiyar kimanin kilomita 1,400 kafin ya haɗu da Kwara a Lokoja. Daga arewa kuma akwai koguna da ke gangarowa daga wajen tsaunukan Jos su faɗa Binuwai, manyansu su ne Mada a yamma da Lafiya, da Dep a gabas. Akwai ƙananan rafuka da yawa, kamar Amba da ya ratsa garin Lafiya. Ban da waɗannan akwai tafkin madatsar ruwa ta Doma, da tafkunan da kogi ya bari a tsohuwar hanyarsa, kamar Hunki a ƙasar Awe.

Damina a wannan yanki takan fara wajen watan Afrilu ta ɗauke wajen Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa sai rani. Saboda haka waɗannan ruwaye ba su zama da girma ɗaya duk shekara. Rafin da yaro ke tsallakewa a watan Fabrairu, a watan Satumba sai da jirgi. Binuwai kansa, wanda ke cika maƙil a Satumba da Oktoba har ya malala cikin fadamun Tunga da Loko, da rani sai ya tsuke, tsibiran yashi su fito a tsakiyarsa. Duk kifin da ke cikin waɗannan ruwaye, bisa wannan hawa da sauka yake tafiyar da rayuwarsa.

SHEKARAR KIFI

Ana iya kasa shekarar kifi kashi huɗu.

Na farko, lokacin tasowar ruwa. Da ruwan sama ya kankama, kogi ya fara gurɓacewa yana hawa, sai manyan kifaye, waɗanda cikinsu ya riga ya cika da ƙwai, su bar inda suka yi rani. Wasu su hau sama cikin ƙananan rafuka, wasu su bi 'yan mashigai su fita fadama. A can cikin ciyawar da ruwa ya rufe suke zuba ƙwai.

Na biyu, lokacin cikar ruwa. Ruwan da ya kwanta a fadama yakan jiƙa busasshiyar ciyawa da ganyaye da kashin shanun da suka yi kiwo a wurin da rani. Waɗannan su ne takin ruwa. Daga gare su ƙananan halittu da ido ba ya gani sai da madubin likita suke yaɗuwa, tare da tsutsotsi da ƙwari, su kuwa su ne abincin 'ya'yan kifi. Ciyawa kuma ta zama maɓuya gare su. Yawancin girman da kifi ke yi a shekara, cikin waɗannan 'yan watanni yake yin sa, har ya tara kitsen da zai ci da rani. Watau fadama ita ce gonar kifi, ita ce kuma ɗakin haihuwarsa.

Na uku, lokacin janyewar ruwa. Da kaka ta yi, ruwa ya fara komawa kogi, sai kifi ya bi shi. Manya kan riga fita, 'ya'yan bana su biyo baya. Waɗanda suka makara sai hanya ta yanke musu, su tsaya a tafkuna da kududdufai.

Na huɗu, lokacin rani. Ruwa ya ragu, ya yi zafi, iskar da ke narke cikinsa, wadda masana ke kira oksijin, ita ma ta ragu. Abinci ya yi ƙaranci, kifi ya cunkushe wuri ɗaya, manya suna cin ƙanana, tsuntsaye suna ɗauka. Da yawa sukan mutu tun ba a taɓa su ba. Waɗanda suka kai ga sabon ruwa, su ne irin baɗi. Manomi ba ya cinye irin da ya ajiye, haka nan bai kamata masunci ya cinye nasa ba.

IRE-IREN KIFI DA HALIN KOWANNE

Kifayen waɗannan ruwaye ba hali ɗaya gare su ba. Masana sukan raba su gida biyu manya, gwargwadon yadda suke yi da rani.

Gida na farko su ne masu gudun rani. Waɗannan ba su jure ruwa mai ƙarancin iska, don haka da ruwa ya fara janyewa sai su koma babban kogi. Cikinsu akwai giwan ruwa, wanda yakan iya wuce kilo 100, da tsage mai haƙora kamar na kare, da kawara, da faliya, da burdo. Yawancinsu sukan zuba ƙwai masu ɗimbin yawa a farkon ruwa su tafi abinsu, ba su tsaya reno. Matafiya ne, saboda haka duk abin da ya tare hanya tsakanin kogi da fadama, su yake fara cutarwa.

Gida na biyu su ne masu jure rani. Allah ya hore wa waɗannan hanyar shaƙar iskar sarari. Tarwaɗa tana da wata tsoka mai rassa a cikin kanta wadda take shaƙar iska da ita, shi ya sa takan daɗe a taɓo ba ta mutu ba, har takan ja ciki da dare a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ta koma wani ruwa. Gaiwa tana da huhu. In tafki ya ƙafe sai ta haƙa rami cikin laka, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da yauƙi wanda ke bushewa ya zama kamar jaka, ta bar 'yar ƙofar numfashi, ta kwanta watanni har ruwa ya dawo. Bargi da yauni da gartsa da tufi su ma sukan taso sama su haɗiyi iska.

Wasu daga cikin waɗannan suna reno. Bargi yakan share wuri cikin ciyawa ya yi sheƙa mai faɗin kimanin mita ɗaya, ya tsare 'ya'yansa. Yauni yakan yi tasa sheƙar da ciyawa mai yawo a kan ruwa, ƙwansa manya ne amma ba su da yawa. Duk wanda ya kashe uwa ko uba a kan sheƙa, bai kashe kifi ɗaya ba, gida ya kashe.

Akwai kuma waɗanda ke tsakani, masu zama bakin gaɓa da tafkuna, kamar karfasa da ƙurungu. Wata irin karfasa, macen takan ɗauki ƙwanta a baki ta riƙe har su ƙyanƙyashe, ko abinci ba ta ci sosai a wannan lokaci. Karfasa takan haihu fiye da sau ɗaya a shekara, shi ya sa take saurin farfaɗowa.

Kowane iri yana da aikinsa. Karfasa da faliya da burdo suna cin gansakuka da dattin ƙasan ruwa. Bargi yana tace ƙananan halittu. Giwan ruwa da tsage suna cin ƙananan kifaye, su hana su yin yawan da zai sa su tsumbure. In su ya yi tsanani a ruwa, manyan kifaye masu jinkirin girma su ne suke fara ɓacewa, a bar ƙanana masu saurin haihuwa. Wannan alama ce da kowane sarkin ruwa zai iya lura da ita: in giwan ruwa da yauni da bargi sun yi wuya, kwando kuma ya cika da 'yan karfasa da kawara marasa tsawon yatsa, to ruwan ya fara gajiya.

AYYUKAN MUTANE DA KE RAGE KIFI

1. Zuba guba. Tun da can wasu sukan daka majimfa su zuba a kududdufi domin kifi ya bugu ya taso. Daga baya aka koma ga magungunan kashe ƙwarin gona, kamar Gammalin 20, wanda sinadarin da ke cikinsa ya shiga jerin waɗanda yarjejeniyar duniya ta Stockholm ta hana a shekarar 2009. Guba ba ta zaɓe. Takan kashe babba da ƙarami da ƙwai da abincin kifi gaba ɗaya. Da rani ake yin wannan ta'asa, daidai lokacin da irin baɗi ya taru wuri guda. Ruwan kuma shi mutane da dabbobi ke sha, kifin shi ake kaiwa kasuwa. Haka nan jefa nakiya da sa wutar lantarki a ruwa.

2. Taru mai ƙananan idanu. Kifin da aka kama bai taɓa zuba ƙwai ba, an yi hasara biyu: an rasa nauyin da zai yi, an rasa 'ya'yan da zai haifa. Mafi muni shi ne su da gidan sauro. Gidan sauro don kare iyali daga zazzaɓin cizon sauro aka yi shi. In an ja shi a bakin gaɓa yakan kwashe dubban 'ya'yan kifi waɗanda duka ba su cika kwano ɗaya ba.

3. Tare mashigi. Wasu sukan kafa shinge su jera gura daga wannan gaɓa zuwa waccan a bakin mashigin fadama. In an yi haka lokacin tasowar ruwa, an kama iyaye da ƙwai a ciki. In an yi lokacin janyewa, an hana 'ya'yan bana komawa kogi.

4. Kwashe tafki ƙaf. Noman rani abin alheri ne, amma injin ban ruwa yana iya zuƙe tafki cikin 'yan kwanaki, a tsince kifin da hannu, har a bi gaiwa da fartanya cikin laka. Tafkin da a da yake kai kifi ga damina, yanzu ba ya kai shi ko ga watan Maris.

5. Lalata bakin ruwa. Sare itatuwan bakin rafi don gawayi ko don faɗaɗa gonar doya da riɗi da shinkafa yakan sa ruwan sama ya kwashe ƙasa ya zuba a kogi. Yashi da laka su cike wurare masu zurfi inda kifi ke yin rani. Haƙar yashi barkatai tana rusa gaɓa. Jihar Nasarawa tana da arzikin ma'adinai, amma ruwan wankin ma'adinai in an sake shi cikin rafi yakan bar shi jawur, laka ta rufe ƙwai, ta toshe wa kifi numfashi. Wanke tankin feshi a rafi, da zuba ruwan jiƙon rogo, da sharar gari, duk suna ƙara dagula al'amari, musamman da rani sa'ad da babu ruwan da zai tafi da su.

6. Tsare ruwa da madatsa. Madatsar ruwa tana da amfani wajen ban ruwa da ruwan sha da lantarki, tafkinta kuma yakan samar da kifi. Amma tana canja lokacin zuwan ruwa da yawansa a ƙasa da ita, tana kuma tare hanyar kifi matafiyi. A kan Binuwai akwai madatsar Lagdo a Kamaru, wadda aka gama a 1982. A nan sai a bambanta abu biyu. Ambaliya irin ta 2012 da ta 2022, wadda ta ci gidaje da gonaki a garuruwan bakin Binuwai, masifa ce. Cikar fadama ta kowace shekara kuwa, wadda ke zuwa a kan kari ta janye a hankali, ita ce rayuwar kifi.

ABIN DA YA FARU A WASU WURARE

Ba zato ake yi ba a kan wannan magana, an gani a wurare da dama. A fadamun Haɗeja da Nguru, bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, filin da ruwa ke rufewa da damina ya ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, masunta da manoma suka sha wahala. A ƙasar Mali, cikin manyan fadamun Kwara na wajen Mopti, farin shekarun 1970 da 1980 ya rage malalar ruwa, kifin da ake kamawa ya ragu da kimanin rabi. Tafkin Cadi, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke ƙwarai a shekarun 1980, kifaye matafiya suka yi wuya, tarwaɗa da karfasa suka fi yawa. Abin da aka fahimta daga waɗannan wurare shi ne, gwargwadon faɗin fadamar da ruwa ya rufe da daɗewarsa a kanta, gwargwadon kifin da za a samu a wannan shekara da mai bi mata.

ABIN DA DOKA TA CE

A shekarar 1992 Gwamnatin Tarayya ta kafa doka mai lamba 108 game da kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa. Daga cikin abin da ta ƙunsa:

(a) An hana kamun kifi da guba, ko nakiya, ko wutar lantarki.

(b) An hana amfani da taru ko raga wadda idonta bai kai milimita 76 ba, watau inci uku, sai dai wasu kayan da aka keɓe don kama 'yan ƙananan kifayen nan da ba su girma, irin warangi.

(c) An ba hukuma ikon rufe wani ruwa, ko hana su a wani lokaci na shekara.

(d) Mai gina madatsa ko wani abin da zai tare ruwa, wajibi ne ya kula da hanyar da kifi zai wuce.

Wanda ya karya doka ana iya cin sa tara, ko a ɗaure shi, a kuma ƙwace kayan aikinsa.

DABARAR IYAYE DA KAKANNI

Hutar da ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun kafin a rubuta doka, sarakunan ruwa sukan rufe tafki su ce ba mai jefa koma sai ranar da aka sa, kowa kuma ya bi. Bikin kamun kifi na Argungu a Jihar Kabi, wanda aka fara shi a yadda aka san shi a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, a kan wannan ka'ida ya tsaya: ana tsare ruwan Matan Fada, shi ya sa ake fitar da manyan giwan ruwa ranar biki. A kan Binuwai ma akwai bikin tafkin Nwonyo kusa da Ibi, a Jihar Taraba. Ilmin zamani bai zo da abin da ya saɓa wa wannan ba, ƙarfafa shi ya yi.

ABIN DA AKE BUKATA GA KOWA

Ga masunta: a rage su a fadama da mashiganta daga tasowar ruwa har kifi ya gama zuba ƙwai. A bar bargi da yauni a kan sheƙarsu. A yi aiki da kalli da birgi masu idon da doka ta yarda. In an kafa shinge, a bar wani sashe na mashigi a buɗe. Ƙaramin kifi in ya shiga koma da ransa, a mayar da shi.

Ga sarakunan ruwa da dagatai: kowane gari ya zaɓi tafki ɗaya, ko wuri ɗaya mai zurfi cikin kogi, a hana taɓa shi duk rani. A sanar a kasuwa da masallaci da coci. A haɗa baƙin masunta cikin shawara, domin dokar da aka yi da mutum ta fi wadda aka yi masa saurin karɓuwa. Garuruwan da ke shan kogi ɗaya su daidaita ranakunsu, don kifi bai san iyakar gari ba.

Ga manoman fadama: a bar itatuwa da ciyawa a gefen rafi, kada a yi huɗa har bakin ruwa. A wanke tankin feshi nesa da rafi, a binne kwalaben magani. Mai injin ban ruwa ya tsaya in tafki ya kai alamar da gari ya sa.

Ga masu banda da masu saye: a ƙi kifin da ake zaton na guba ne, a ƙi sayen 'ya'yan kifi. In babu mai saye, mai zuba guba zai daina.

Wanda yake so ya rage dogara ga kogi yana iya koyon kiwon tarwaɗa ko karfasa a kududdufin gida. Ana samun shawara a wurin ma'aikatan kifi na Ma'aikatar Gona ta jiha da malaman gona na ƙananan hukumomi, da Kwalejin Aikin Gona ta Lafiya. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa kuwa tana New Bussa, a bakin tafkin Kainji.

KAMMALAWA

Kifi ba ya bukatar a yi masa huɗa, ko a ba shi taki, ko a kai shi kiwo. Abin da yake bukata uku ne: hanya zuwa fadama da damina, wurin fakewa da rani, da ruwa marar guba. Kifayen waɗannan ruwaye sun saba da wahalar rani tun fil azal, kuma masu saurin yaɗuwa ne, saboda haka ruwan da aka hutar yakan farfaɗo cikin 'yan shekaru. Amma irin da aka ƙarar daga kogi, dawo da shi sai an sha wuya. Rigakafi ya fi magani.

Wanda ya karanta wannan ɗan littafi, ya karanta wa wanda bai iya karatu ba.